Ƙanzon Mai Ƙofa

In ka bar Kura ka miƙi hanyar Bunkure, kafin ka kai rabi akwai inda wani reshen ruwa ya ɓalle daga babban kanal, ya ɗan taɓa tafiya, sannan ya rabu biyu. Mararraba ake ce wa wurin. Ƙofofin ƙarfe biyu ne kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana sakar wa gonakin gabas ruwa, ɗaya na yamma, amma makullinsu ɗaya ne tal, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗora wa ƙofa a ka, a yi ta juyawa har ta ɗago. Ruwan bai isa a buɗe su tare ba. Saboda haka mako guda na gabas, mako guda na yamma, ana miƙa makulli ranar Talata da kiran sallar la'asar. Mai riƙe wa 'yan yamma makullin shi ne Maikano. Duk wanda ya saba bi ta gaɓar nan da safe ya san shi: dogon tsoho, wando a naɗe har gwiwa, ƙafafu duk faso, yana tura wani keke da ya kusa zama sa'an haihuwarsa, da shebur ɗaure a baya.

Ranar da aka haife shi ubansa Dattijo ba ya gida, ya kai albasa birni a kan jaki. Shi ya sa aka laƙaba masa Maikano, har sunan yanka ya ɓata. A lokacin babu kanal, babu labarinsa. Da jigo Dattijo yake ban ruwa a bakin wata 'yar fadama, ya tsoma guga ya ɗago, ya tsoma ya ɗago, har kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Gidansu na gargajiya ne, irin masu yi wa gona yanka kafin a sa mata garma. Dattijo ya musulunta da furfurarsa, ƙanwarsa ta bi mijinta coci, amma ba a raba tukunya ba ranar biki ko mutuwa. Ɗan ƙanwar nan shi ne Daniel, taubashin Maikano, wanda tun suna yara Maikano yake kira bawansa, shi kuma yana amsawa da zagin da ya fi wannan.

Albasar gidan ce abin magana. Ba babba ba ce, ba ta cika ido a kasuwa. Ja ce wur har tana baƙi-baƙi, wuyanta siriri, in ka matsa ta ka ce dutse ka matsa. In Inno, matar Maikano, tana yanka ta a madafi, na zaune a zaure sai ya share hawaye. Abin da ya sa ake ji da ita haƙurinta ne: a ɗora ta a rumfa da bazara, damina ta zo ta wuce tana nan daram, alhali ta kowa ta narke ta zama ruwa. Sai dai irin albasa ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka manta. Ƙwayarsa ba ta kaiwa shekara ta biyu da rai. Dole kowace shekara ka ware albasar da ta fi kyau, ka adana ta, in sanyi ya shigo ka mayar da ita ƙasa ta yi tsiri ta yi fure, ka tara sabon iri. Ka tsallake shekara ɗaya, ka yanke zuri'a. Dattijo a wurin ubansa ya karɓa, uban kuma ba wanda ya san inda ya samo, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa tsallakewa.

Maikano yana tashen samartaka katafila ta zo ta baje fadamar da tudun gaba ɗaya, aka haƙa kanal, aka ce ruwa zai taho tun daga madatsar ruwa ta Tiga. Da aka sake rabon gonaki, ta Dattijo ta faɗo a ƙarshen magudanar yamma, inda ake kira wutsiya. Ana fara sakin ruwa rigima ta tashi, na sama su sha har su yi wanka, na ƙasa su yi ta leƙe. Sai dattawan yamma suka zauna suka yanke wata shawara, 'yan gabas ma suka kwaikwaya. Suka ce makulli a hannun mai gonar ƙarshe zai zauna, don shi ne ba zai sami sukuni ba sai ruwa ya wuce ƙofar kowa. Ba shi da albashi, ba shi ma da layin shan ruwa irin na sauran mutane. Ladansa ɗaya ne. In ya rufe ƙofa ranar miƙa makulli, kowa zai toshe bakin gonarsa, duk ruwan da ya rage a cikin magudana tun daga Mararraba ya gangara masa shi kaɗai. Ƙanzo suka sa wa wannan ruwan suna, wai ai wadda ta tuƙa tuwo ita ke kankare tukunya.

Kada ka raina ƙanzo. A zamanin da magudana take da zurfi, namiji ya shiga ruwa ya kai masa ƙugu, ƙanzon nan sai ya cika gonar Dattijo fangali bayan fangali, har a rasa inda za a kai saura. Kuma ana yi mata hidima. Da an ɗauke ruwan sama za a kira gayya, a fito da shebur da adda da makaɗi, mata su kawo kunu, a shiga tun daga ƙofa a yi ta yasa har wutsiya. Wanda ya noƙe, gonarsa ba za ta ga ruwa ba a makon farko, ko ɗan gidan wane ne. A cikin wannan wadatar Maikano ya auri Inno, ya haifi Rahma da Suhaibu, ya binne ubansa, ya gaji gona da makulli da ƙwaryar iri. A waɗancan shekarun mutane har daga Dawakin Kudu suke zuwa roƙon irin albasarsa, yana ɗiba da hannu yana ƙulle musu a tsumma. Daniel ma rabo ya kai shi wutsiyar gabas, makullin can ya faɗo masa. Duk ranar Talata a Mararraba sai an sha dariya, wannan ya ce bawa zo ka karɓi kayan ubangidanka, wancan ya ce tsoho miƙo tun kafin warin albasa ya kashe mini kifi.

To, abu in zai lalace ba ya buga ganga. Kacalla ce ta fara shigowa, wannan doguwar ciyawar ruwa mai kai kamar zangarniyar gero. Ka sare ta yau, mako mai zuwa ta leƙo tana yi maka dariya. Saiwarta ta riƙe laka, laka ta tara yashi, magudanar da take kaiwa ƙugu ta dawo iya ƙwauri. Ana cikin haka ƙananan injinan ban ruwa suka cika kasuwa. Duk mai gona kusa da ƙofa ya jefa mesa a ruwa ya ja igiya, ya koma noman shinkafa da rani, ita kuwa shinkafa ba shan ruwa take yi ba, kwana take yi a ciki. Kai ma ka faɗi gaskiya, mutumin da ruwa yake wucewa ta ƙofar gonarsa kullum, me zai kai shi yasar wutsiya? Gayya ta fara raguwa. Bana a rasa makaɗi, baɗi a rasa kunu, har ta kai in Maikano ya bi gida-gida yana kira, amsar da yake samu ita ce Allah ya kai mu. Wallahi ba abin da ya kai takaicin ka ga ƙato zaune a gaɓa, ƙafarsa tana taɓa kacalla, yana ɗaga hannu wai Allah ya kawo mana ruwa.

Mutanen wutsiya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka bar wa damina gonakinsu, da rani su tafi tsinkar tumatir Kadawa. Hambali, maƙwabcinsa na sama, ya bar tasa ta zama fili, sai tsamiyar da take kan iyakarsu. Suhaibu ya tafi birni tuƙin adaidaita sahu, Rahma tana aure a Kumbotso. Masu albasa kuwa duk suka koma irin gwangwani, mai saurin girma, ƙato, cike da ruwa, a tuge a sayar tun kafin ya fara wari. Ba wanda ya ƙara zuwa da tsumma. Murna matar Daniel ce ta ƙarshe da take shuka ta gidan Dattijo a bayan ɗakinta, ita ma da gwiwa ta matsa mata ta bari. Sai ya zama duk faɗin ƙasar nan albasar tana wuri ɗaya ne, a gonar da ta fi kowace nisa da ruwa.

Abin haushin wutsiya shi ne da rani ita ke shan ƙishirwa, da damina kuma ita ke shan ambaliya. Kwatar da aka haƙa don ta fitar da rarar ruwa daga gonaki ta daɗe da toshewa. A ƙarshen daminar da ta wuce Maikano ya yafa duk irin da ya tara, ya fito tsaf kamar gashin jariri, yana jiran dashe. Sai aka tafka wani ruwa na ban kwana. Duk abin da gonakin sama suka zubar ya taru a kansa, ya kwanta bai tafi ba sai da yafin ya ruɓe. Ƙwarya ta zama fanko. Abin da ya rage masa a duniya shi ne albasar da ya ware a rumfa, ita ma ta fara tsiro, ba ta da wata shekarar a gaba. Da sanyi ya shigo ya kwashe ta kaf ya binne a fangulan da suke kusa da bakin gona, sauran gonar ya bar ta haka. Bana ba shi da ta ci, ba shi da ta sayarwa, iri kawai yake nema.

Daniel ya zo ya same shi yana dashen. Shi ya riga ya haƙura da tasa wutsiyar, rogo kawai yake sa mata. Ya ce akwai wani ɗan tsirin gona da Murna ta gada dab da Mararraba, ruwa ba ya yanke masa, ya kawo ko rabin albasar a sa a can. Shawara ce ta mai hankali, Inno ma ta sa baki. Maikano ya ƙi. Ya ce in mai ƙofa ya kwashe shukarsa daga wutsiya ya kai sama, to da wane bakin zai ce wa wani ya toshe gonarsa? Ranar da ya daina jin ƙishirwar ƙarshe, ranar ya tashi daga mai ƙofa, haka ubansa ya gaya masa. Kuma ƙanzo bai taɓa ƙin zuwa ba, ko da ya rame. Daniel ya ce taurin kan gidan kawunsa dai ba a sayar da shi ba, ya hau kekensa ya tafi.

Da sanyi abin ya yi ta lallaɓawa. Ƙasa tana riƙe laima, ƙanzo yana isowa ko da a gajiye. Albasa ta yi lawashi, ta fid da tsiri, kowane tsiri da ɗan ƙulli a kai. Maikano ya san zafi yana tafe, ya sake kiran gayya. Mutum biyu suka zo, suka yi zuwa hantsi, ɗaya ya tuna yana da suna a gidan surukai. Daga nan shi kaɗai ya ci gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ma ya sani, amma zama ba ya yi masa. Kullum yana cikin magudana, ya sari kacalla, ya tuge saiwa, ya kwashi laka ya jefa gaɓa. Matsattsaku suka sha jininsa, ganyen kacalla ya tsattsaga masa hannu, bayansa ya riƙe har Inno tana gasa masa da ruwan zafi. In ya gyara nan ya matsa gaba, kafin ya kai can nan ya sake tsirowa.

Albasa ta buɗe fure daidai lokacin da sanyi ya janye jiki. Fari fat, dunƙule-dunƙule, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. Wannan ne lokacin da ba ta yafe ƙishirwa, don a cikinsa ƙwaya take cika. A cikinsa ne kuma alkamar mutanen tsakiya take neman shan ƙarshe, shinkafar na sama tana neman na kullum, ruwan da ake sakowa daga kanal kuma ya ragu. Ranar Talatar da Maikano ya rufe ƙofa a makon, ƙanzo ko rabin hanya bai yi ba. Ya tsaya a gaɓa yana jira har duhu ya fara, bai ga komai ba. Tunda ya karɓi makulli wannan ne karo na farko. Kuma ka tuna, mako mai zuwa na gabas ne, wanda ke biye na mutanen yamma ne su sha, shi sai a ƙarshensa.

Ba irin ƙoƙarin da bai yi ba. Ya nemi masu haƙa rijiyar burtsatse, suka ce ai sun taɓa gwadawa a gonar Hambali, dutse ne a ƙasa. Wani ya ce zai ara masa inji, ya yi godiya, ya ce to a ina zai jefa mesar? Ya koma ɗaukar ruwa a jarka daga rijiyar gari, ya ɗaure a keke ya tura, amma abin da zai kawo tun safe har azahar bai fi jiƙa layi ɗaya ba, ga mata sun yi layi a bakin rijiyar suna kallonsa, rijiyar ma ta ja baya. Da makon yamma ya zagayo sai ya yi abin da ubansa bai taɓa yi ba, ya bi gona-gona yana roƙo a bar masa yini ɗaya. Ba wanda ya yi masa rashin kunya. Alhaji Baballe, mai shinkafar da ta fi ta kowa a bakin ƙofa, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce Baba ai ko ba ka zo ba, ya sa aka kashe inji ɗaya. Na kusa da shi ya ga ruwa ya ƙaru ya faɗaɗa bakin gonarsa. Kowa cewa yake bari ya ƙarasa wannan fangalin kawai. Kuma ba ƙarya suke yi ba, kowa shukarsa a wahale take, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Maikano ya rasa wanda zai riƙe a zuciya, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Talata ta zo. Lawashi ya kwanta, bakinsa ya yi rawaya, amma tsirin yana tsaye, furen bai bushe ba. Duk wanda ya san albasa ya san in ta sha yau za ta kai, in ba ta sha ba shi ke nan. Tun da hantsi Inno ta tafi ta buɗe bakin gona, ta share hanyar kowane fangali, ta zauna da bokiti. Shi kuma ya nufi Mararraba.

Ya tarar da Daniel ya riga shi, a bayansa ga 'yan gabas a tsaitsaye da fartanya, mako guda suna jira. A cikinsu akwai Kulu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da gonar tumatir kusa da wutsiyar gabas. Yau ba a yi wasan taubasai ba. Da aka ɗaga kiran salla daga gari, Daniel ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya.

"Ubangidana, ni ban ji komai ba, ka san kiran ba nawa ba ne. Ka bar ta zuwa magariba."

"In na bar ta a buɗe, ruwan na mutanen sama ne," in ji Maikano. "Sai na rufe yake zama nawa."

"To sauke ta rabi, ka ce ka rufe."

Maikano ya ɗora makulli ya fara juyawa. Ƙofa tana sauka tana kuka, ruwa yana matsewa a ƙarƙashinta. Da ta kai rabi hannunsa ya tsaya. Allah ya sani ya so ya bar ta haka, ya so ƙwarai. Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa a kan Kulu. Ba ta ce ya yi sauri ba, ba ta ɓata rai ba, ƙofar kawai take kallo yadda shi ma yake kallon bakin gonarsa. Da ta ga yana dubanta ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ruwan da zai bari ya wuce ta ƙarƙashin nan ba daga Alhaji Baballe zai fito ba, daga tumatirinta zai fito. Ya ci gaba da juyawa har ƙarfe ya daki ƙarfe, ya zare makulli ya miƙa wa Daniel, bai dube shi ba.

Ya hau keke ya bi gaɓa yana kira a toshe, an rufe. Kuma a yi wa mutane adalci, sun toshe. Injina suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, masu alkama suka danna laka a bakin gonakinsu, wasu har suna ɗaga masa hannu suna cewa Allah ya isar da ruwa. Ruwa ya taru ya miƙa. Ya ratsa kacallar tsakiya da ƙyar, ya fito ya ragu, ya shiga inda Maikano ya yashe da hannunsa. A nan tsoho ya sauka daga keke, ya riƙa tafiya daidai da kan ruwan. Kan ruwan yana tura busasshen ganye da kumfa, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Wata guda wannan ɓangaren bai ga laima ba, ƙasan ya dare, wata tsagar hannu sai ya shige. Ruwa in ya zo kan tsaga sai ya tsaya ya cika ta tukuna, sannan abin da ya rage ya wuce. Maikano ya shiga gabansa da shebur, yana danne tsaga da diddige, yana ja masa hanya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa yadda ake lallashin jakin da ya gaji. Faɗin ruwan ya dawo na tabarma, ya dawo na tafin hannu. Ya hango farin fure, ya hango Inno ta miƙe tsaye.

A gindin tsamiyar Hambali ruwan ya tsaya. Daga nan zuwa bakin gona, yaro ma ya yi jifa ya kai. Maikano ya haƙa masa gaba, ruwan ya leƙa ramin ya shige ƙasa. Ya sake haƙawa. Inno ta iso da bokiti, ta tsaya a kansa tana kallo.

"Malam, ya tsaya," ta ce.

Suka durƙusa su biyu suna kwasa da ƙoƙo, rabi ruwa rabi laka, suna kaiwa suna dawowa, tsoho da tsohuwa, har ƙoƙo ya fara kankarar ƙasa. Layin farko kawai ya jiƙa. Maikano ya zauna a gaɓa, hannayensa a kan gwiwa, ya rasa abin da zai yi da su. Bai yi kuka ba, amma Inno ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin ya zauna a gona rana ba ta faɗi ba.

Sauran kwanakin ba su da labari. Ya ci gaba da turo jarka, zafi ya ci gaba da shanyewa. Ƙudan zuma suka daina zuwa. Furen ya koma ruwan ƙasa, tsirin ya fara karyewa a tsakiya. Da ya bushe sarai ya bi ya yanke kawunan duka, ya shanya a tabarma a tsakar gida, ya murje a tafin hannu ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, abin da ya rage 'yan baƙaƙen ƙwayoyi ne shafal, ba nauyi. Inno ta tattara su a jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye a gindin randa, kullum da safe ta buɗe ta duba ta mayar. Ranar da ta ga tsumman ya yi furfurar ruɓa ta kai shi bayan gida, ba ta gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba. Daniel ya zaga ƙauyuka a kan keke, har Dawakin Kudu ya sa aka tambaya, ko akwai wanda ya rage da irin gidan Dattijo. Tsofaffi suka ce kai, wannan albasa mai yaji, ai sun tuna ta.

Ba a daɗe ba aka girbe alkama, rabin gonakin tsakiya suka daina shan ruwa. Wata Talata Maikano ya rufe ƙofa kamar kullum, ya miƙa makulli, ya turo kekensa a hankali, bai ma kira a toshe ba. Yana isa tsamiya ya ji motsi a bayansa. Ƙanzo ne, cike da magudana, irin na zamanin Dattijo. Ya wuce shi, ya wuce ramukan da ya haƙa, ya shiga bakin gonar da tun ranar nan ba wanda ya toshe. Inno tana can tana tsintar busasshen tsiri na hura wuta, ruwa ya taɓa mata ƙafa ta ja da baya.

"Ga ƙanzonka nan, Malam," ta ce.

Ya jingine keke, ya daɗe a tsaye. Ba wata gona a bayan tasa da zai tura wa. Sai ya kwance shebur ya naɗe wando ya shiga. Ya buɗe wa fangalin farko, ya jira ya cika, ya toshe, ya buɗe wa na biyu. Kututturan albasa suna tsaye a cikin ruwa, wasu suna tugewa suna yawo a kai. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shayar da su, har na ƙarshe.